Sabon Mai Horo, Tsohon Fili: Abin da Diffa ke Jira daga Ƙwallon Kwandon Makarantu

A kowace shekara, idan damina ta ɗauke ƙafa aka buɗe makarantu cikin watan Oktoba, akwai wata takarda da ke fitowa daga ofishin ilimi wadda ƴan kasuwa ba su cika damuwa da ita ba, amma ma'aikata sun san nauyinta, wato takardar rabon malamai. A cikin jerin sunayen akan tarar da na malamin motsa jiki, wanda yara ke kira mushen wasanni, kuma sau da yawa shi ne mutumin da za a danƙa wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta lise ko ta kwaleji. A garin Diffa, tun bawan Allah bai sami gidan haya ba, labarinsa ya riga ya zaga kowace fada ta samari. Wani ya ce daga Yamai aka turo shi, wani ya ce ya taɓa yi wa wata babbar ƙungiya wasa, wani kuma ya rantse sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji saboda tsawo. Kafin a zuba shayi na uku an gama cin kofin jiha, an ɗauko na ƙasa, har an fara gardamar wanda zai riƙe shi a cikin hoto.

Wannan ɗoki ba laifi ba ne. Jama'ar da ta ga abin da mutanen bakin Komadugu suka gani tun daga 2014 tana da haƙƙin ta yi marmarin abin da zai sa ta tafa hannu. Sai dai ɗokin da ba a auna shi ba yakan rikiɗe ya zama tsegumi tun a wasa na biyu, ya zama zagi a wasa na huɗu, kuma kafin shekara ta ƙare malamin ya rubuta takardar neman a mayar da shi yamma. Shekara mai zuwa a kawo wani, a sake zuba shayi, a sake cin kofi da baki. Don haka ya dace masu karatu, ƴan kasuwa da ma'aikata, waɗanda su ne iyayen yaran nan kuma su ne masu ɗan abin hannu da masu sa hannu a takarda, su tsaya su duba abin da sabon mai horo yake tararwa, da kuma tsawon lokacin da irin wannan aiki ya ɗauka a wuraren da aka yi shi har ya yi kyau.

Abin da ya tarar

Ranar 24 ga Nuwamba 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Damasak, a ƙetaren kogi. Dubban mutane suka tsallako Komadugu, da yawansu suka yada zango a Gagamari da Shetimari, ƙauyuka suka wayi gari da baƙin da suka fi ƴan gida yawa. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawan babur, aka taƙaita yawon dare, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai, wato ginshiƙai biyu na arzikin yankin. Kafin ƙarshen shekarar 2015 an rufe makarantu fiye da 150 a jihar, yara sama da dubu 12 suka rasa aji. A watan Yuni 2016 aka sake afka wa Bosso, jama'a suka kwararo suka kafa bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Da al'amura suka fara lafawa kuma, sai kogin ya yi ambaliya a 2019, ya sake yi a 2022, kuma kowa ya san inda ake fara sauke waɗanda ruwa ya kora: ajujuwa da filayen makaranta.

Ba don a tayar da mikin da ya fara warkewa muka kawo waɗannan ranaku ba, sai don lissafi. Yaron da aka haifa a 2005 yana da shekara goma sa'ad da aka rufe makarantun nan. To ƙwallon kwando wasa ne na hannu da ido, kuma tsakanin shekara goma zuwa goma sha huɗu ne hannu ke koyon buga ƙwallo ƙasa ba tare da ido ya bi ta ba, hannun hagu ke koyon abin da na dama ya iya, ƙafa ke koyon tsayawa ba tare da ƙarin taku ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Samarin da suka kai lise da jami'a a shekarun baya-bayan nan, da yawansu sun wuce wancan lokaci suna gudun hijira, ko suna zaune gida tun kafin magariba saboda doka. Suna da tsawo, suna da ƙarfi, suna da zuciya, amma akwai shekaru uku ko huɗu na koyo da babu wanda zai mayar musu da su cikin wata uku. Wanda bai sa wannan a ma'auni ba, zai ɗora wa sabon malami bashin da ba shi ya ci ba.

Sannan ga fili. Filin ƙwallon kwando ba ya da girma, mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon kuma yana rataye a mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. Amma ba kamar balo ba, wadda yara ke bugawa a kan rairayi da duwatsu biyu a matsayin raga, wannan wasa ba ya yiwuwa sai da daɓen siminti mai santsi, da allo, da zoben ƙarfe da bai karkace ba, da ƙwallon da ke riƙe iska, da takalmin da zai jure gogar siminti. Ƙwallo ɗaya ga yara ashirin na nufin kowane yaro zai taɓa ta na ƴan mintoci kawai a yammaci guda. Lokaci ma ƙalilan ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, siminti ya zama kasko, ba a iya taka shi sai bayan la'asar sakaliya. A lokacin hunturu iska kan karkatar da ƙwallo a sama kafin ta isa kwando. Ga azumi, ga hutun makaranta, ga yajin aiki idan ya zo, ga jarrabawar BEPC da ta BAC da ke ɗauke manyan ƴan wasa tun watanni kafin ranarta. Idan aka cire wannan duka, abin da ya rage wa mai horo a shekara bai fi tsakanin Nuwamba da Maris ba.

Akwai kuma abin da ƴan kallo suka fi mantawa da shi: ƙungiyar makaranta ba ƙungiyar gari ba ce. Kwaleji shekara huɗu ce, lise shekara uku. Yaron da malami ya sha wahalar gyara wa hannu tun ajin farko na lise, ranar da ya fara zama abin tsoro ga abokan hamayya, ranar ce yake shirin tafiya. Wanda ya ci BAC a Lise Idrissa Alaoma ko wata makarantar jihar yakan nufi Damagaram, ko Maraɗi, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, mai nisan fiye da kilomita 1300. Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi ga ilimin noma da na muhalli, don haka ba kowane ɗalibi take riƙewa a gida ba. Mai horon makaranta kamar mai gona ne a bakin Komadugu: ruwan da ya gani bana ba shi zai gani baɗi ba. Abin da zai iya ginawa shi ne magudanar da kowane sabon ruwa zai bi.

Amurka ma an yi haka

A makaranta aka haifi wasan nan. Wani malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro shi a watan Disamba 1891 a garin Springfield na Amurka, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi, da kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace da dokoki 13. Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, da aka ba shi horar da ƙungiyar Jami'ar Kansas daga baya, wasannin da ya sha kashi sun fi waɗanda ya ci yawa: ya ci 55, an cinye shi 60. Da a wata fadar Diffa ne, da an ce mutumin bai san wasan ba.

Amma labarin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Mike Krzyzewski. A 1980 Jami'ar Duke ta ɗauko shi daga makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, inda a shekararsa ta ƙarshe ya ci wasa 9 ya faɗi 17. Magoya baya ba su san shi ba, sunansa ma ya gagare su faɗi. A shekaru ukun farko ya ci wasa 38, aka doke shi 47. A watan Maris 1983 Jami'ar Virginia ta lallasa yaransa da ci 109 da 66, attajiran da ke ba ƙungiyar kuɗi suka taso shugaban sashen wasanni, Tom Butters, a gaba sai ya sallame shi. Butters ya ƙi, a farkon 1984 ma sai ya ƙara masa wa'adi. Abin da ya gani wanda masu ihu ba su gani ba shi ne yaran da malamin ya tattaro a 1982, irin su Johnny Dawkins da Mark Alarie da Jay Bilas, waɗanda ya jefa cikin manyan wasanni tun suna sababbin shiga, suna shan kashi suna koyo. Waɗannan yaran ne, a shekararsu ta ƙarshe, 1986, suka ci wasa 37 suka kai wasan ƙarshe na ƙasa. Kofin kansa bai zo ba sai 1991, shekara goma sha ɗaya bayan zuwansa. Ya ƙara huɗu a kai, a 1992 da 2001 da 2010 da 2015, kafin ya ajiye aiki a 2022.

John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau goma tsakanin 1964 da 1975 da Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, tun 1948 yake wurin, wato sai da ya yi shekara goma sha shida kafin na farko. An san shi da cewa darasin farko da yake ba sababbin ƴan wasa shi ne yadda ake sa safa da ɗaure igiyar takalmi, don kada ƙafa ta yi bororo. A yi tunanin ɗan kasuwar da ya ba da gudunmawa ya leƙo fili ya tarar malami na koya wa ƙarti sa safa.

Kada dai a ɗauka cewa muna nufin duk wanda ya fara da faɗuwa zai ƙare da kofi. Masu horon da suka sha kashi shekara uku suka ci gaba da shan kashi har aka sallame su sun fi yawa nesa ba kusa ba, tarihi ne kawai bai riƙe sunayensu ba. Kuma akwai waɗanda suka zo suka ci nan take. Will Voigt ya karɓi ƙungiyar maza ta Najeriya a 2015, a shekarar ya ci kofin Afirka a Tunisiya bayan ya doke Angola 74 da 65, karo na farko a tarihin ƙasar. Rena Wakama ta karɓi ƙungiyar mata ta Najeriya a tsakiyar 2023, cikin ƴan makonni ta ɗaga kofin Afirka a Kigali, a 2024 kuma ta kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na Paris, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa takawa. Ba a rage musu komai ba, gwanaye ne. Amma su sun gaji ƙwararrun da wasu suka raina shekara da shekaru a makarantu da ƙungiyoyin Amurka da Turai, kuma matan sun riga sun ci kofin a 2017 da 2019 da 2021 kafin zuwanta. Wanda aka miƙa wa ingarma da sirdi a kai daban yake da wanda aka miƙa wa ɗan duƙushi. Kuskuren ƴan kallonmu shi ne suna auna na biyu da ma'aunin na farko.

Darasin Mena

Ba sai mun ƙetare teku ba, domin mu ma muna da namu labarin, ko da yake a balo ne. Haruna Dula, ɗan ƙasa, shi ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko. Rukunin da ya fito daga ciki ba na wasa ba ne: ga Masar mai riƙe da kofi, ga Afirka ta Kudu, ga Saliyo. A watan Oktoba 2010 Musa Ma'azu ya jefa ƙwallon da Mena ta doke Masar da shi ɗaya da nema a Yamai. Ƙungiyar ta ci dukan wasanninta uku na gida, ta faɗi dukan na waje, ta ƙare da maki tara daidai da Afirka ta Kudu da Saliyo, aka duba sakamakon karawar da ke tsakaninsu, ita ta wuce. Masu karatu za su tuna yadda ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili a watan Oktoba 2011 suna zaton su ne suka haye, ashe ba su karanta doka ba. A ƙarshen shekarar hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horo na nahiyar.

Wata guda bayan haka, a Janairu 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta doke Mena biyu da nema a Libreville a wasan farko. Wasa ɗaya tak. Sai ragamar ƙungiya ta koma hannun Rolland Courbis, Bafaranshen da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci mu biyu da ɗaya, Maroko ta ci mu ɗaya da nema, muka dawo gida babu maki ko ɗaya. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a farkon 2023 a Aljeriya, Haruna Dulan nan ne dai ya kai ƴan wasan cikin gida zagayen kusa da na ƙarshe a gasar CHAN, bayan sun doke Kamaru da Gana. Idan an yi wa gwarzon nahiya haka saboda minti casa'in, ina ga malamin kwantaragi da aka turo gabas, wanda albashinsa ma sai ya yi jira?

Mutumin da ya zauna a Zariya

Misalin da ya fi kusa da mu a wasan kwando yana Zazzau. Wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda ƴan wasan Najeriya suka fi sani da OBJ, ya shafe shekaru da dama yana horar da matasa a filayen Jami'ar Ahmadu Bello. Ba ɗaliban jami'a kaɗai yake kulawa ba, har da yaran unguwa da ƴaƴan ma'aikata da ke taruwa a gefen fili. Cikin yaran nan akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya fara wasan yana ɗan shekara goma sha uku. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba. Ya yi karatu a wata ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa, ya buga wasa a Turai, ya fara aikin farautar ƴan wasa ba tare da albashi ba. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugaban ƙungiya a gasar NBA, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto da yake jagoranta ta ci kofin, karo na farko da ya fita daga Amurka. Tun 2003 ya kafa gidauniyar da ke shirya sansanonin horo ga yaran Afirka, daga baya ta shiga gina filaye a ƙasashe da dama.

Babu wanda ke tuna yawan wasannin da OBJ ya ci a shekararsa ta farko a Zariya. Abin da ya bambanta shi shi ne ya zauna. Yaro ya san cewa idan ya zo fili da yamma zai tarar da shi, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Hakeem Olajuwon ma, wanda ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, mai tsaron gida ne a balo kuma ɗan ƙwallon hannu a Legas, bai taɓa wasan kwando da gaske ba sai da ya wuce shekara goma sha huɗu, kuma a wata gasar wasanni da aka yi a Sakkwato ne ya fara fitowa. Da ya je Jami'ar Houston, shekararsa ta farko bai buga ba, ta biyu daga benci yake shigowa. Wannan ya kamata ya ƙarfafa gwiwar samarinmu da suka makara: ana iya cike giɓi. Amma shi ma sai da ya sami malaman da suka jure masa shekara biyu kafin ya fara biyan su.

Duk wanda ya zaga kasuwar Gagamari ko ta Diffa ya san dogayen samari ba su yi ƙaranci a ƙasar Mangari da bakin tafki ba, tsakanin Barebari da Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma da Hausawa. Wanda zai zauna ya jira su ne ya yi ƙaranci. Tun zamanin Turawa ma'aikaci ke ɗaukar turawa gabas mai nisa, Ngigmi ko Bilma, tamkar horo, kuma rashin tsaro ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Malamin da ya sauka Diffa yana lissafin ranar komawa ba zai ɓata lokacinsa kan yaran ajin farko na kwaleji ba, domin ya san ba shi zai ci moriyarsu ba. Zai tattara manya, in ta kama ya saka waɗanda suka daɗe da barin makaranta da takardun aro, ya nemi kofi ɗaya da zai sa a takardarsa, ya tafi. Ihun ƴan kallo na neman nasara bana-bana shi ke tura malami wannan hanya.

Tsakanin mai ba da riguna da mai sa hannu

A nan zancen ya dawo kan masu karatu. Ɗan kasuwar Diffa ya fi kowa sanin jira. Mai noman tattasai yakan rena iri, ya dasa, ya yi ta sayen mai yana ban ruwa da inji watanni kafin tsinka ta farko, ya shanya, ya ɗura a buhu, sannan ya jira farashi. Bai taɓa tumɓuke shuka a wata na biyu don ya ga ko ta yi saiwa ba. Amma mutumin nan, idan ya saya wa ƙungiya riguna goma sha biyu, sai ka ga yana so a fara wasa da ɗan ƙanensa, yana aika saƙo daga bakin fili cewa a fitar da wane a sa wane. Alheri ne ya yi, Allah ya saka. Sai dai wanda ya ba da kyauta ya biyo ta da sharaɗi ya sayi ƙungiya ne a farashi mai rahusa. In da zai tambayi malamin abin da ya fi buƙata, wataƙila ba riguna zai ce ba. Zai ce ƙwallaye goma, har da masu lamba shida na ƴan mata, da buhunan siminti na toshe tsagar fili, da fitila biyu masu aiki da hasken rana don a ƙara awa guda bayan magariba, da kuɗin motar da za ta kai yara Maine Soroa su kara da wasu. Ƙungiyar da ba ta fita ta gamu da baƙi ba, ba ta san matsayinta ba, kuma a jihar da garuruwanta ke nesa da juna kuɗin mota shi ne rabin horo.

Ma'aikaci kuma nasa ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Shi ke tsara jadawalin darussa, shi zai iya barin yammacin Laraba ga wasanni ko ya cushe shi da wani abu. Shi zai iya hana a mayar da fili wurin ajiye motoci ko wurin taron siyasa. Shi ne kuma ke rubuta takardar canjin wurin aiki. Jiha ta nuna tana iya ɗaukar babban taro: a Diffa aka yi bikin 18 ga Disamba na 2021, a nan kuma aka yi gasar takobin kokowa ta ƙasa a ƙarshen 2022, wadda Isaka Isaka na Doso ya lashe. Amma biki mako guda ne. Ƴan kokowar da jama'a suka yi wa guɗa sun fito ne daga dandalin ƙauye inda aka yi ta kayar da su tun suna yara babu mai kallo.

Ba kuma cewa muke a zuba wa sabon malami ido ya yi abin da ya ga dama ba. Akwai abin da iyaye da ƴan kallo ke da iko su tambaya tun shekarar farko, kuma amsarsa ba ta buƙatar kofi. Yana zuwa fili a kan lokaci, ko yara ke jiransa? Yara nawa ya fara da su a Nuwamba, nawa suka rage a Maris? Akwai ƴan ƙananan aji a cikinsu, ko manya kaɗai ya tara? A wannan wasa ɗan wasan da ya yi laifi biyar fita yake yi, don haka malamin da ya dogara ga mutum biyar kawai bai gina komai ba, a duba ko na shida da na goma sun san abin yi idan an kira su. Ya ware wa ƴan mata lokacinsu, da rana tsaka-tsaki yadda iyaye za su yarda, ko sai abin da maza suka rage? Yana duba makin yaransa a aji, yana iya ajiye gwaninsa a benci idan ya daina shiga darasi? Yaran da iyayensu suka zo daga Damasak ko Bosso ko tsibiran tafki suna samun shiga kamar ƴan gari? Kuɗin da aka tara, jika nawa ne, ina takardar abin da aka saya? Malamin da ya gaza a nan, ko ya ci kofi, a sa masa ido. Wanda ya cika waɗannan, ko an doke shi da tazarar maki talatin a wasan farko, aikinsa na tafiya.

Ni kaina na sha tsayawa a bakin irin waɗannan filaye, kuma na lura cewa ranar gasa ce kaɗai ake cika. Ranar Talata da yamma, sa'ad da malami ke sa yara su yi ta buga ƙwallo da hannun hagu daga wannan layi zuwa wancan har sau hamsin, ba ka ganin kowa sai mai tallan ruwan sanyi da awaki biyu. Masu cin kofi da baki suna fada. Alhali a ranar ce ake iya gane ko mutumin da aka turo malami ne ko ɗan jiran mota.

Yaron da ya shiga ajin farko na kwaleji a Oktoban da sabon malami ya sauka, sai bayan shekara huɗu zai kai lise, sai bayan shida ko bakwai zai zama babba a ƙungiya. Tsakanin nan da can takardar rabon malamai za ta fito sau shida, kuma kowane karo akwai wanda zai duba sunan mushen wasanni ya yanke ko a bar shi a Diffa ko a ɗauke shi.